Manyan Haruffa a Kwamfutar Baba

Ofishinmu ɗaki uku ne da baranda, a gefen garin Haɗejiya, kan hanyar da ke gangarawa kogi. Aikinsa lura da ruwa: ina ya kai bana, wace fadama ta cika, wace ta ƙi, wace mashiga ce ciyawar kacala ta toshe. Akwai sanduna masu lamba da aka kakkafa a bakin kogin da rassansa, har can wajen Baturiya, kuma kowace sanda tana da mutumin ƙauye da ke duba ta ya rubuta inda ruwa ya tsaya. A ƙarshen kowane wata sai direba ya zagaya ya tattaro takardun. Mu biyu ne muke mai da lambobin nan rahoto, ni da Baba, a kan kwamfuta ɗaya tal.

Na zo ofishin ba da daɗewa ba bayan an ƙirƙiri jihar Jigawa, ɗauke da takardar shaidar koyon kwamfuta da kuma girman kai wanda ya fi takardar nauyi. Baba na tarar a kujerar. Mutumin Filato ne, Kirista, dogo siriri, ya daɗe yana koyar da lissafi a sakandare kafin a tura shi kwas ɗin kwamfuta da furfurarsa. A Haɗejiya ya haifi 'ya'yansa duka, ya san kifin kowane wata fiye da ni da aka yanke wa cibi a garin, amma Hausarsa tana nan da ɗan gishirin Jos. Kowa Baba yake ce masa, har shugaban ofishin, wani Alhaji injiniyan ruwa, ɗan tsohon gida a cikin gari. Shi kuwa Baba ɗana yake ce mini, ko da yake a lokacin ina da mata da ɗa.

Kwamfutar zamanin ba ta da hoto, ba ta da abin da za ka nuna ka danna. Baƙin allo ne da ƙananan fararen haruffa, ita tana jira, kai kana buga mata umarni. In ka manta harafi ɗaya ta ce ba ta san zancen ba. Manhajar da ke karɓar lambobin ruwa ta fitar da rahoto, Baba ne ya rubuta ta da hannunsa, ni kuma aka kawo ni in taya shi faɗaɗa ta. Na zo da niyyar nuna masa sababbin dabaru. A makon farko ya zauna yana kallona ina buga dogon umarni guda, in gama in sake buga shi, in sake, ina ta saurin yatsu don ya san na iya. Da na gaji ya tambaye ni ko a gidanmu ni nake zuwa kasuwa da ƙafata duk lokacin da gishiri ya ƙare. Na ce a'a, aike nake yi. Ya ce to me ya hana ni yin aike a nan.

Haka na san abin da yake kira 'yan aike. Ɗan aike ƙaramin fayil ne da za ka jera umarni a cikinsa, layi bayan layi, ka raɗa masa gajeren suna. In ka buga sunan, sai kwamfuta ta bi umarnin ɗaya bayan ɗaya, kai kana shan shayinka. Ba wai ban taɓa jin labarinsu a makaranta ba, amma a can abin jarrabawa ne, a wajen Baba kuwa su ne rabin aikin. Yana da wanda ke kwafe aikin yini zuwa faifai kafin a tashi, yana da wanda ke shirya firinta, da wanda ke kai ka ɗakin da ka ajiye kowane aiki ba tare da ka bi lungu-lungu ba. Dokarsa ita ce duk abin da ka ga kana maimaitawa, tsaya ka rubuta masa ɗan aike. Kuma a saman kowane ɗaya dole ka rubuta abin da yake yi da dalilin yin sa, saboda wanda zai zo bayanka. Yakan ƙara da cewa wanda zai zo bayanka ɗin nan yawanci kai ne, bayan ka manta.

Wasu dokokinsa sun ba ni haushi a lokacin. Ɗan aiken da zai goge wani abu sai ya tsaya ya tambaya tukuna, ko da kai ka rubuta shi jiya. Ba a gwada sabon rubutu a kan lambobin gaskiya, don haka ya ƙirƙiro wani kogi na ƙarya a cikin kwamfutar, da ƙauyukansa na ƙarya, inda muke yin ambaliya da fari yadda muka ga dama ba wanda ya yi asarar ko zangarniya. Saboda ɗauke wuta, manhajar tana adana kowace lamba da zarar an shigar, ba ta jiran a gama shafi. Akwai kuma faifai guda da ba a taɓawa, wanda in kwamfutar ta rikice gaba ɗaya za a tashe ta da shi, ya mai da komai mazauninsa. Faya-fayan nan masu laushi ba sa son laima, da damina sukan yi fumfuna, shi ya sa yake ajiye su a gwangwanin madara da 'yar busasshiyar shinkafa a ƙasa. Masinjan ofis ya daɗe yana zaton wani asiri ne na mutanen Filato.

Mun yi shekaru a haka, har na daina jin haushi na fara kwaikwayo. Shi da safe, ni da rana, wani lokaci mu haɗu a gaban allon muna musu a kan layi guda har a kira la'asar, ya ce in je in yi salla in dawo da hujja mai kyau.

Da wata bazara na fara lura. Kujerar Baba tana matsowa kusa da allo, har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya canza tabarau, ya sake canzawa, irin waɗanda ake shimfiɗawa a kasuwa. In saƙon kuskure ya fito sai ya ce in karanta da ƙarfi, wai don in saba. Mutumin da ke gano waƙafin da ya ɓata daga tsaye a bayana, yanzu yana bin layi da yatsa. Rannan ina duba abin da ya shigar da safe na ga ya buga takwas a inda takarda ta ce uku, kuma ba sau ɗaya ba. Da rahoton ya fita haka, da an ce ruwa ya haye rufin ɗakuna a ƙauyen da mutane ke tsallake kogi da ƙafa. Na gyara, ban ce komai ba. Amma na san abin da ke biye.

Baba ba ɗan jiha ba ne, aikinsa na kwantiragi ne, kowace shekara sai shugaba ya rubuta cewa ana bukatarsa kuma yana da lafiyar yin aikin. A shekarar ana ta raɗe-raɗin za a tantance ma'aikata a rage. Mai aikin kwamfuta da ba ya ganin allo ba sai an yi dogon bincike a kansa ba. Ga 'yar autarsa tana tsakiyar karatun jinya, ga shi ba gona gare shi a nan ba, can gida kuma ya bari tun yana saurayi. In kujerar nan ta kuɓuce masa, ban san inda zai dafa ba, kuma na tabbata shi ma lissafin da yake kwana da shi ke nan.

Mai karatu na yau zai ce me ya hana ni zaunar da shi in faɗa masa. Ba a haka aka rene mu ba. Yaro ba ya duban babba ya ce masa ƙarfinka ya ragu, balle wanda ya koya maka sana'a, balle kuma kai ne za ka gaji kujerar in ya tashi. Duk yadda na juya maganar a bakina, sai in ji ta fito kamar ina auna kujerar ne. Ga tausayi, ga kunya, ga haushin kaina da na rasa yadda zan yi.

Dabarar da ta zo mini ba ta malamai ba ce. Wata safiya na shigo ina murza ido, na ce wa Baba ƙananan haruffan nan sun fara cinye mini ido, da daddare har hawaye nake yi, ko zai yarda in ɗan sauya tsarin allon. Ya ce ido ba abin wasa ba ne, in yi abin da zai sauƙaƙa mini.

Akwai fayil ɗin da kwamfutar ke fara karantawa duk lokacin da aka kunna ta, shi ke gaya mata yadda za ta shirya kanta. Nan na fara. Allon yana ɗaukar harafi tamanin a layi, amma akwai umarnin da ke mai da shi arba'in, kowane harafi ya ninka faɗinsa. Na sa shi a ciki. Na mai da rubutun ruwan ɗorawa mai haske a kan baƙi, don na lura shi Baba ya fi saurin kamawa a jikin kwalaye. Sunayen 'yan aikenmu na gajarta su suka koma harafi ɗaya ɗaya, yadda yatsa zai same su ko ba a duba ba. Na sa kwamfutar ta riƙa magana da ƙara: in aiki ya tafi daidai ta yi 'yar ƙara sau ɗaya, in ya ƙi ta yi ta kuka har a kula ta. Sannan na koya wa manhajar iyakar kowace sanda, da irin tashin da ruwa zai iya yi tsakanin jiya da yau, ta yadda in aka buga lambar da kogi ba zai iya kaiwa ba, sai ta ƙi karɓa, ta nuno ta da girma ta ce a sake dubawa.

Na so in yi tsari biyu, nawa da nasa, kwamfutar ta tambayi wanda ya zauna. Sai na ga in na yi haka na tona abin da nake rufewa, tunda ni ne mai ciwon. Dole na zauna cikin manyan haruffan nan ni ma. Wanda bai taɓa rubuta manhaja a layi mai harafi arba'in ba bai san ƙunci ba. Kowane dogon layi ya karye biyu, abin da kake gani a shafi ɗaya ya koma uku, duk shafukan shigar da lamba da muka tsara sai da na warware su na sake ɗinkawa. Damina guda na yi ina wannan aiki, ruwa na dukan kwano, ni ina tsaki a ciki. Akwai ranakun da na ji kamar in ɗauki allon in kai shi kogi.

Ba abin da ke shiga kwamfutar sai Baba ya ji bayanin da aka rubuta a samansa. A saman sababbin na rubuta cewa an yi su ne saboda ciwon idon ƙaramin ma'aikaci. Ya sa na karanta masa, ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya sawwaƙe. Washegari na ga kujerarsa ta ɗan ja baya. Kuskuren lamba ya ragu, wanda ya rage kuma manhajar na kamawa tun kafin ya je ko'ina. Na ji daɗi ƙwarai, irin daɗin da ba ka da wanda za ka gaya wa.

Sai dai tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Labarin idona ya fita. Mama, matar Baba, ta fara aiko mini da karas da gwaten acca mai ganye, da saƙon in cinye duka. Masinja ya kawo mini wani ƙullin magani daga ƙauyensu. Direba ya daina bari in zauna gefen taga. Da zancen ya isa gidanmu, mahaifiyata ta sa aka nemo tozali mai kyau, ta tsaya a kaina sai da na sa, ta kuma hana ni karatu bayan magariba. Na je ofis da ido rangaɗau kamar ango, Baba bai ce komai ba, ni kuma na ƙudurta a raina bai gani ba ne. Matata kaɗai ta gane, don ta ga ina zura zare a allura ba ko ƙyaftawa. Da na ba ta labari ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce in ci gaba da cin karas ɗin, alhaki ne.

Abin da ban so in gani ba shi ne dabarar tawa jinkiri kawai take saye. Zuwa kaka, lokacin da ruwa ya fara janyewa masu shinkafa suka shiga yanka, kujerar Baba ta sake matsowa. Ba ni da sauran girman da zan ƙara wa haruffa. Lokacin sabunta kwantiragi kuma yana ƙaratowa.

Ranar wata Litinin Baba ya ce mini ya gaji da ganin yaro yana wahala da ido, ya riga ya nemo mana izini wajen Alhaji, jibi zai kai ni asibitin ido a Kano. Na fara kame-kame, na ce ai da sauƙi, karas ɗin Mama ya yi aiki. Ya ce ba shawara yake nema ba. Haka na bi shi tasha da sassafe, ina jin kunyar abin da likita zai ce in ya duba lafiyayyen ido. A mota ya ba ni gefen da ba rana. A Gujungu ya saya mini dafaffen ƙwai. Da muka sauka a Kano ya ce in wuce gaba, shi ba ya son sauri, sai daga baya na gane farar rigata yake bi.

A asibitin ya sa ni zama a benci, ya je wajen masu karɓar marasa lafiya shi kaɗai, ya dawo ya zauna. Mun daɗe muna jira, ina ta shirya ƙaryar da zan yi wa likita. Da ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta yi kira, ba sunana ta kira ba. Baba ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya tsaya bai taka ba. Daga hasken tsakar gida za a shiga wani dogon lungu mai duhu, da 'yan matakala a bakinsa.

Ya ce, "Ɗana, kama hannuna. Ba na ganin matakalar nan."

Na kama. Hannun ya yi sanyi. Ban taɓa riƙe hannunsa ba sai a gaisuwa, kuma ban san lokacin da hawaye ya zo mini ba, na gaske wannan karon.

Likita ya ce yanar ido ce a idanun biyu, ta dama ta riga ta nuna sosai. Ana cirewa, kuma yana sa ran gani zai dawo, amma sai an yi ɗaya a jira ya warke sannan a yi ɗayan, kuma kowanne yana son hutu na makonni, ba allo ba takarda. Wato dai ranar wanka ta zo, ba sauran ɓoye cibi. Ba yadda mutum zai ɓace daga ofis mai ɗaki uku na tsawon wannan lokaci ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma a daidai watan da shugaba zai rubuta ko yana da lafiya.

A hanyar dawowa, bayan mun wuce Ringim, ya ce ƙarar da na sa ta kuskure ta yi yawa, tana firgita shi, in rage ta. Na ce to. Muka ƙara tafiya, sannan ya ce in na koma in gyara bayanin da ke saman 'yan aiken nan, in rubuta gaskiya. Ya ce mutum yana iya yi wa babba kara da bakinsa, wannan tarbiyya ce, amma ba a rubuta ƙarya a saman ɗan aike, domin wanda zai zo baya zai yarda da ita. Iyakar godiyar da ya yi mini ke nan, kuma ta ishe ni.

Washegari ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ce in raka shi ofishin Alhaji. Na so in tsaya a baranda, ya ce in shigo, ai tare muka yi. Ya tsaya a gaban teburin kamar ɗalibi, ya ƙi zama, ya faɗi komai ba kwana-kwana: idonsa ya daɗe da raunana, ya ɓoye, ga abin da likita ya ce, ga hutun da ake bukata. Ya ce in ofis ba zai iya jira ba, ba zai riƙe kowa a zuciya ba, kuma yaron nan ya iya aikin. Ni dai ina kallon ƙasa.

Alhaji ya bar shi ya gama. Sannan ya ce takardar sabuntawa ta riga ta tafi tun makon jiya, ya rubuta ana bukatarsa, hutun jinya kuwa haƙƙinsa ne, kogi ba zai gudu ba kafin ya dawo. Ya ce abin da yake jira kawai shi ne Baba ya faɗa da bakinsa, don ba shi da fuskar da zai fara tayar da maganar, kuma da aka zo neman izinin kai yaro asibiti ya yi hamdala.

Baba ya dafa kujerar da ya ƙi zama a kai. Ya tambaya a hankali, "Tun yaushe ka sani, Alhaji?"

Alhaji ya ce, "Tun bazara. Wata safiya ina tsaye a bakin ƙofar nan ka zo ka wuce ni, ba ka ce mini komai ba. Na ce Baba ba zai gan ni ya wuce ba gaisuwa ba."

Baba ya saki kujerar, ya gyara tsayuwa, ya juya sosai wajen da muryar ta fito.

Ya ce, "To, Alhaji, ina kwana?"

Alhaji ya taso daga bayan teburin, ya zagayo, ya kama hannunsa da hannu biyu. Ya ce lafiya lau, ya tambayi gajiya, ya tambayi Mama da yara, Baba yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, shi ma yana tambayar mutanen gida, har suka kai ƙarshen gaisuwar ba su tsallake komai ba.